Kiɗan da Na Ba Tunau

Ajiye gular nan kafin ka fasa mini fata. Tun ɗazu nake kallonku, ku huɗu, kowa ya ɗauka ya bubbuga sau biyu ya ce ai wannan ba wani aiki ba ne, duka ne kawai. To, jakina ma kullum ina dukansa, ban ga wanda ya taso ya yi rawa ba. Ku zauna. Tunda kuka shigo kuna rera waƙar nan da kuke kira waƙar Haladu, yau sai kun ji inda ta fito. Kiɗanta nawa ne, ni Isuhu, da hannun nan na fitar da shi, kuma duk ƙasar Gumel ba a fi mutum biyar da suka rage waɗanda za su shaida mini ba. Abin yana ci mini rai har gobe, ba zan ɓoye muku ba.

Na shiga hannun Kawu Jatau, ƙanen mahaifiyata, a shekarar da Nasara suka zo suna kakkafa alamu arewa da Maigatari, wai nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi. Shi makaɗin noma ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar yashi, inda ba a sunkuyawa da fartanya kamar mutanen kudu. Mu da ashasha muke noma, wato ƙarfe mai faɗi a kan doguwar ƙota, mutum yana tsaye yana tura ta ƙarƙashin yashi tana yanke ciyawa. Idan mai gona ya kira gayya, maza talatin ko fiye suka jeru sahu ɗaya, makaɗi ne ke riƙe su kada wani ya wuce wani. Ba don nishaɗi ake kiranmu ba. Gonar da za ta ci kwana uku, in kiɗa ya zauna, kafin la'asar an tashi.

Fatar farko da Kawu ya bari na ɗaura wa ganga, har yau ina jin warinta a hancina. Ta akuya ce, don ta bunsuru kauri gare ta, ba ta magana. Na jiƙa ta cikin ruwan toka kwana biyu, na kankare gashin da bayan wuƙa, na ɗora ta a bakin icen gangar tana da sauran danshi. Sai jan tsarkiya, igiyar da ke ɗaure fatar, kuma nan ne aikin yake. Ba a bin ta zagaye. In ka ja gabas sai ka koma yamma, in ka ja kudu ka koma arewa, kaɗan-kaɗan, har fatar ta miƙe daidai ta ko'ina. Ni kuwa gaggawa ta sa na bi ta zagaye na gama kafin azahar, ina ta yashe baki. Da ta bushe Kawu ya ƙwanƙwasa ta da yatsa sau ɗaya, ta yi ƙara kamar an taka tsohuwar ƙwarya. Bai zage ni ba. Ya ce, “Ajiye ta, Isuhu, ranar aurenka da ita za mu kaɗa maka.” Ya miƙo mini wata fatar, na koma ruwan toka. Gular nan ma da kuke wasa da ita, reshe ne ɗanye ake lanƙwasawa a bakin wuta, a ɗaure shi da igiya har ya bushe a haka. Sai na karya shida kafin ta bakwai ta yarda.

Damina uku ina bayansa da kazagi, ƙaramar gangar nan da ake ratayawa a wuya ana kaɗa ta da bulala biyu. Abin da ba ku sani ba, makaɗin noma da baya yake tafiya. Fuskarsa na ga manoma, bayansa na ga gonar da ba a taɓa ba, babbar ganga tana cin kafaɗarsa, ƙarangiya tana cin ƙaurinsa, tun hantsi har rana ta karkata. In raɓa ta sa fata ta saki, sai a hura wutar kara a gasa ta kafin a fara. Kawu yakan ce in daina kallon hannuna, in kalli kafaɗun mutane, su ne za su gaya mini ko in ƙara wuta ko in sassauta. Na daɗe ban gane abin da yake gani a kafaɗa ba, ni dai gumi kawai nake gani.

Akwai wata gayya a Gagarawa da na ga an farke gangar wani baƙon makaɗi da lauje. Laifinsa, ya kaɗa taken wani manomi alhali mai shi ba ya gonar. Take shi ne kiɗan da ake yanka wa mutum ɗaya, ya zama nasa kamar hularsa. A ƙasarmu ga yadda ake ba da shi: a gaban Sarkin Noma makaɗi zai kaɗa, ya kira sunan mutum sau uku, shi kuma ya ɗaga ashasharsa sama, ya ba makaɗi wani abu daga jikinsa, ko da goro ɗaya ne. Daga ranar ba gangar da za ta sake faɗin kiɗan nan sai mai shi yana tsaye a wurin. In ya mutu ɗansa ya gada. In ba shi da ɗa namiji, kiɗan ya kwanta tare da shi, ko wanda ya ƙirƙira shi ba shi da ikon tada shi. Kawu ya sa na maimaita masa wannan a hanyarmu ta komawa gida, ina ɗauke da gangarsa.

Masu gona kuwa iri-iri ne. Wani ya taɓa kiranmu gayya ya sa aka dama fura tsararo, har kana hango gindin ƙwarya. Kawu sai ya sassauta kiɗa, manoma suka bi shi, rana ta faɗi rabin gona na tsaye. Washegari mutumin ya yanka tunkiya. Akwai mai son a yi ta kiran sunan kakansa alhali shi yana zaune a inuwa yana fifita, akwai wanda zai ja ka gefe ya ce ka matsa wa mutane su gama yau ko da za su faɗi. Ladanmu sai kaka, dami daga kowace gonar da muka kaɗa wa. In gero bai yi ba, mu ma ba mu yi ba.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai, ya bushe a tsaye. Ba gayya, ba biki, ba mai son jin ganga. Mun ci 'ya'yan ƙarangiya, mun ci anza, mata suna haƙa gidan tururuwa suna tsintar ƙwayar da suka tara. Fatu huɗu da Kawu ya gyara ya ajiye don ɗaurin baɗi, da idona na ga an babbaka su an dafa. Ta jikin babbar gangar kaɗai ya hana a taɓa, ya ce ko bayan ransa. Bai kai damina ba kuwa. Na gaji ganga da gula da sunan gida, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

A cikin yunwar nan Haladu ya gangaro daga wajen Damagaram tare da masu gudun fari, ya yada zango a Maigatari. Can na same shi ranar kasuwa, yana zaune gindin wata aduwa yana yi wa masu shanu waƙa don su ba shi tsakin gero. Ƙashi da fata ne, amma in ya buɗe baki sai ka waiga. Ni ba ni da murya, Allah bai ba ni ba, in na ɗaga waƙa kaji ma watsewa suke. Na ce masa in Allah ya kai mu damina ya zo mu haɗu, ni ganga shi baki. Ya ce, “To, maigida.” Ku riƙe wannan da kyau: ni na ɗauko shi, a zaurenmu ya kwana wata biyar, a ƙwaryata ya sha kunu. Maigida yake ce mini.

Gayyar farko bayan yunwa a gonar Sarkin Noma aka yi ta, ta wajen Sule Tankarkar. Mutum goma sha tara suka fito, a wurin da a da ake samun hamsin. Na rataya ganga na saki kiɗan Kawu, wanda na sani, mai zafi, wanda ba ya tsayawa. Ba a yi rabin sahu ba mutum biyu suka zube. Sauran suna turawa, amma kafaɗunsu sun faɗi, idanunsu sun yi zuru-zuru, kuma a ranar ne na fara ganin abin da Kawu yake gani. Sarkin Noma ya matso ya ce mini a hankali, “Ɗan Jatau, kashe mini su za ka yi?” Kiɗan da aka koya mini na ƙosassu ne, ga shi ba ƙosasshe ko ɗaya a gonar.

A can ƙarshen sahu akwai wani mutum, Tunau, talaka tilis, mai bukka ɗaya da 'ya'ya mata biyu, wanda ko a taro ba a neman jin ta bakinsa. Shi bai kula da gangata ba sam. Sai ya tura ashasha sau uku, ya jingina ƙirji a kan ƙota ya ja numfashi, ya sake tura uku, ya sake jingina. Na lura duk da haka bai zama na baya ba. Na zuba wa kafaɗarsa ido na bar hannuna ya bi shi: bugu uku, in ɗauke gula in bar wurin fayau, sannan bugu uku. Ɗauke gular nan ya fi mini komai wuya, don tun ina kan kazagi ake gaya mini makaɗi ba ya barin rami a kiɗa. Kafin a kai ƙarshen gona duk sahun yana turawa tare yana tsayawa tare, har biyun da suka zube sun tashi sun shigo. A cikin shirun ana jin numfashinsu gaba ɗaya.

Haladu yana gefena, sahu biyu yana bin bugun da kunne. A na uku sai ya jefa murya:

Tura, tura, tura,
tsaya ka sha iska.
Wanda ya ga bana,
ba ya tseren kowa.

Kun ga inda ya zauna? “Tura” ukun nan a kan buguna suke, ganga ta rufe su. Amma “tsaya ka sha iska” cikin ramin da na bari ya ajiye ta, inda ba abin da ake ji sai muryarsa. Ni na share wurin, shi ya zo ya shimfiɗa tabarma. A ranar dai ban ga komai ba sai daɗi. Aka gama gonar rana na da saura, ba wanda ya sake faɗuwa, Sarkin Noma ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce ban san abin da na yi masa ba.

Daminar nan ba mu zauna ba. Daga Sule Tankarkar har bakin Gumel, duk mai gayya mu yake nema. Da kaka ta yi na shiga kasuwar Maigatari sayen fata, sai na ji matan da ke daka a bayan rumfuna suna lugude da waƙar, uku su tsaya, uku su tsaya. A bakin rijiya masu jan guga ma ita suke yi. Na tsaya kaina ya yi girma, na tambayi wani mai jan ruwa, “Wannan waƙar wa ce?” Ya dube ni kamar daga sama na faɗo. “Waƙar Haladu mana. Kai baƙo ne?” Fatar da na je saye ban saya ba, na juyo gida.

Shekara ta biyu wani attajiri a Gumel, mai fataucin kanwa, ya kira mu gonarsa. Da aka tashi ya sa aka kawo babbar riga ya yafa wa Haladu da hannunsa, ni kuma ya ce a ba mai ganga goro. Mai ganga! Ko sunana bai tambaya ba. A hanya na ce wa Haladu, “Ka ji abin da ya kira ni?” Ya ce, “Haba Isuhu, ai ka san mutane. Abin da kunne ya kama shi suke riƙewa.” Sai a ranar na lura “maigida” ya koma “Isuhu”. Na ce, “To ka gaya musu mana. Ka sa sunana a ciki.” Ya ce zai sa, kuma tsakani da Allah ya sa, sau biyu ko uku na ji ya ce “Isuhu riƙe ganga”. Amma mata ba su ɗauka ba, masu rijiya ba su ɗauka ba. Baitin da ya ce “Haladu ya ce ku huta” kuwa, har jarirai ake yi wa rawa da shi a cinya. Ina tafe a bayansa ina kallon rigar nan tana rangaji a gabana, wallahi sai da na ji ina ma ƙaya ta yage ta gida biyu.

Damina ta uku kurkunu ya kama ni, biyu a ƙafar dama, ɗaya a hagu. Kullum sai a naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, in ka ja da ƙarfi ya tsinke, ƙafa ta kumbura ta yi suntum. Wata biyu ina kan tabarma a ƙofar gida. Haladu ya zo duba ni, ya kawo mini man shanu, ya ce gayya ta yi yawa, zai ɗan riƙa fita da wani makaɗin Maigatari, Ɗanbaba, kafin in warke. Wata safiya iska ta juyo daga gabas, sai na ji shi daga wata gona can nesa: uku, shiru, uku, shiru. Kiɗana a hannun wani. Bai ma iya ba, saurin dawowa yake, ba ya barin shirun ya cika, amma duk da haka ina jin ihun mutane. Matata ta fito ta same ni na ciji gefen tabarma, ta ɗauka ƙafar ce. Kishi ne, irin mai hana abinci wucewa. A kan tabarmar nan na shirya abin da na yi.

Na warke daidai maimai, wato noma na biyu. Aka kira gayya gonar Sarkin Noma, na ɗingisa na je. Haladu na gefena, Ɗanbaba ma ya zo kallo. Ana tsakiyar aiki na ɗaga gula na tsayar da sahu. Na kaɗa uku na yi shiru, na kira, “Tunau!” Na sake kaɗawa na kira, “Tunau!” Kafin na uku Sarkin Noma ya ɗaga hannu ya taho.

“Ɗan Jatau, take za ka yanka masa da wannan?”

“Shi ne, ranka ya daɗe. Tafiyarsa na kwaikwaya, kowa ya gani. Haƙƙinsa ne.”

“Haƙƙinsa ne, ban musa ba. Amma ka san 'ya'yansa mata ne?”

“Na sani.”

“Ka kuma san kiɗan nan ya tashi mutane da yawa?”

“Na sani, ranka ya daɗe.”

Ya dube ni, ya dubi Haladu, ya ce, “To. Allah ya sa don Tunau ka yi.” Ya koma gefe. Na kira na uku.

Ba don Tunau na yi ba. Na zaɓe shi ne don ba ya zuwa ko'ina: ba shi da jaki, ba mai gayyatarsa Gumel ko Maigatari, iyakarsa gonakin ƙauyenmu, inda ni ke kiɗa. A tunanina Ɗanbaba ya rasa ke nan, Haladu kuma in yana son waƙarsa sai ya dawo gindina. Maganar mutuwa ko a raina ban kawo ba, don a ganina mutumin da yunwa ta bari ba abin da zai taɓa shi nan kusa. Shi kuwa Tunau, bawan Allah, ya tsaya baki buɗe, sai da na kusa da shi ya zungure shi sannan ya ɗaga ashasha. Ya laluba jikinsa, ba goro, ba komai, sai ya cire malfarsa, duk ta yayyage, ya miƙo mini da hannu biyu yana hawaye. Ya ce, “Ni? Ni Tunau da take?” Ko ubansa bai taɓa samu ba. Na karɓi malfar ina jin kunya, amma kunyar ba ta kai daɗin da na ji da na ga fuskar Ɗanbaba ba.

Haladu bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da muka zauna shan fura ya ce, “Isuhu, ka ɗaure ganga. Baki fa?” Na ce ya gwada yin ta ba kiɗa ya gani. Ya gwada kuwa. Kasuwa ba ta zagayo ba na ji labarin ya yi gayya a wajen Maigatari ba ganga ko ɗaya, manoma da kansu suke riƙe bugun da ƙarar ashasha, shi yana cike ramin. Abin da ban yi tunani ba, kiɗan ya riga ya shiga ƙafafun mutane, ya daina bukatata. Al'adar take ganga ta hana. Ba ta hana mace daka ba, ba ta hana mai rijiya ba, ba ta hana mawaƙi buɗe baki ba. Daga shekarar Haladu ya daina yawo da makaɗi gaba ɗaya, abin da ake raba wa mutum biyu ya zama nasa shi kaɗai.

Ni kuma na zama makaɗin Tunau. Damina biyu na kaɗa masa, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa kaɗa wa wanda ya ji daɗin kiɗa kamarsa ba. Da ya ji ukun nan sai ya gyara tsayuwa ya shigo tsakiyar sahu, har aka fara ba shi wurin zama a taro. Sai annobar nan ta zazzaɓi da tari ta zo bayan kaka, wadda ta bi gida-gida. Kwana huɗu Tunau ya yi a kwance, ya rasu. Bayan an dawo daga maƙabarta Sarkin Noma ya kira ni gaban dattawa ya ce, “Ɗan Jatau, ka san hukuncin.” Na ce na sani. Ya ce, “Faɗi da bakinka.” Na ce, “Kiɗan Tunau ya kwanta.” Aka shafa fatiha, kowa ya watse.

Bayan sadakar arba'in Haladu ya zo a kan doki, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninku. Ya yi mini ta'aziyya kamar ɗan'uwana ne ya rasu, sannan ya ce masu noman gyaɗa a wajen Kano suna kiransa, gonaki manya, abinci sai ka ture. “Zo mu tafi, maigida. Ka kaɗa abinka. Wa ya san Tunau a can?” Kwana biyu ina juya maganar. Amma a lokacin manoma goma sha ɗaya ke riƙe da taken da na yanka musu ko Kawu ya yanka wa iyayensu. Ranar da labari ya dawo cewa na tada kiɗan mamaci a wata ƙasa, kuma fatake za su kawo shi, ba wanda zai ƙara yarda cewa nasa nasa ne. Gidan Jatau ya ƙare ke nan. Na ce masa ya sauka lafiya. Ya tafi shi kaɗai, can ma sunansa ya bazu.

Na ci gaba da sana'a, ban rasa abinci ba. Na ɗaure gangunan da ban san yawansu ba, na yanka take da dama, wasu har yanzu jikoki ke amsa su. Na yi ta neman wani kiɗan da zai kama gari kamar wancan. Na gwada biyu da shiru, na gwada biyar, na zauna bakin rijiya ina kallon kafaɗun masu ja, na bi masu sussuka ina saurare. Duk abin da na fitar bai wuce gonar da aka yi shi ba. Nawa na gaske kuwa kullum yana shigo mini gida ta kan danga, daga turmin maƙwabta, da sunan wani a kansa.

Wajen shekara goma bayan rasuwar Tunau aka kawo aikin hanyar jirgin ƙasa ta Gagarawa. Wata rana ina dawowa daga gayya da ganga a kafaɗa, na biyo ta inda leburori ke aiki. Mutane ne daga ko'ina, Barebari, Zabarmawa, har da waɗanda ban san harshensu ba, sun jeru suna sara da diga, suna rera waƙar nan. Na tsaya cik. Kalmomin suna nan, har “Haladu ya ce ku huta”, amma ba mai hutawa. Suna cewa “tsaya ka sha iska” diga tana sauka a kai. Sun cike ramin da bugu na huɗu. Na dubi kafaɗunsu, sun faɗi irin faɗuwar da na sani.

Na je wurin helumansu, wato shugaban leburorin, wani dogo mai bulala a hammata. Na yi masa sannu da aiki na ce, “Maigida, ba haka ake yin ta ba. Bayan na uku ana tsayawa. Don tsayawar aka yi ta.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Malam, nan Nasara ba ya biyan tsayuwa. Kai wane ne?”

“Ni na yi kiɗan.”

“Na waƙar Haladun?”

“Kiɗan nawa ne. Shi baki kawai ya sa.”

Ya tuntsire da dariya ya juya ga mutanensa. “Kai, ku dakata! Ga mai waƙar Haladu ya zo da kansa!” Diga ta tsaya, aka kewaye ni. Ya ce, “To ga ganga a kafaɗarka. Kaɗa mana yadda take mu ji.”

Taro guda ya yi shiru yana jirana, abin da na shekara goma sha huɗu ina nema. Na gyara maratayi, na zaro gula, na ɗaga ta. Fatar ta sha rana ta ɗaure tam, bugu ɗaya da an ji ta har cikin Gagarawa. Sarkin Noma ya rasu tuni, ba kowa daga ƙauyenmu a wurin. Hannuna ya san hanya. Amma da bakina na faɗa a gaban dattawa, kuma Tunau malfar kansa ya cire ya ba ni. Na tsaya a haka, gula a sama, har wani daga baya ya ce, “Ko ya manta ne?” Aka fashe da dariya. Na mayar da gula cikin ɗamara.

Heluma ya ce, “Matsa gefe, Malam, kana tare mana aiki.”

Na matsa. Suka ɗauka daga inda suka tsaya, suna kiran sunan Haladu, ni kuma na bi gefen hanyar na nufi gida. Na yi nisa ina jin su. Sai da na kusa kukar bakin gari na ankara ƙafata tasu take bi, huɗu-huɗu, ba tsayawa.